Jinjirin Wata a Madubin Gwanjo

Duk wanda ya taɓa ba da cajin waya a bakin tashar Talata Mafara ya san Habibullahi, ko da bai san sunansa ba. Mai Tabarau ake ce masa. Tabaran nan kuwa kaurinsa kamar gindin kwalba, in ya cire shi ba ya bambanta mutum da turmi. Ya haura shekara talatin babu aure, yana kwana a ƙuryar shago tsakanin janareta da jarkar fetur. In ka ɗebe masu tambayar ko wayarsu ta cika, yakan wuni ba wanda ya ce masa kanzil.

Abin da zai ba ka haushi, wannan bawan Allah ɗan Malam Jatau ne na Damaga, mutumin da ido ya yi wa suna. Duk ƙarshen wata shi ke fara ganin jinjirin wata a yankinsu. In ya ce ya gani, liman ba ya sake tambaya, domin an san shi: bai taɓa cewa ya ga abin da bai gani ba. An yi shekarar da gari ya gaji da azumi, mata sun gama kitso, an kewaye shi ana ta "Malam, duba dai da kyau". Ya duba da kyau, ya ce, "Ban gani ba." Aka ƙara kwana ana ƙunƙuni.

Lokacin da Habibullahi yake ƙarami, tsohon kan tafi da shi jigawar bayan gari bayan magariba. Sai ya kama wuyan hannunsa ya ɗaga, ya saita ɗan yatsansa. "Ga shi can, bisa kan giginya. Ka gani?" Shi kuwa ba ya ganin komai sai ja-ja-ja a sararin sama. "A'a, Baba." Wata ya bi wata ana haka, har ranar da tsohon ya sa takalminsa ya fita shi kaɗai. Bai yi faɗa ba, bai ce komai ba. Wannan shirun ne ya zauna wa Habibullahi a zuciya har ya girma.

Yanzu Damaga ta gagare su kwana saboda 'yan bindiga, kamar yadda ta gagari mutane da yawa. Malam Jatau yana Maradun a gidan 'yarsa Taiba, yayar Habibullahi, kuma hawan jinin ido ya kama shi. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma a kan hanya yake.

"Hasken fitila kawai shike gani yanzu, in an kusanto da ita," in ji Taiba a waya. "Amma duk ƙarshen wata sai ya sa an shimfiɗa mishi tabarma ya fuskanci yamma. Ni tausayi ke hana ni fitowa."

A daren ranar Habibullahi bai iya cin tuwon da ya saya ba. Ya tuna wani hoto da ya taɓa gani a wayar wani direba: jinjirin wata, ƙato, fari tas, kamar an yanka ɓarin kankana. Direban ya ce da madubin hangen nesa ake ɗaukar irinsa, a manna waya a bakin madubin. To, idon da ke ganin fitila, me zai hana ya ga wata in an kawo masa shi dab da fuska, da girma da haske? Nan take ya ƙudurta. Kafin hasken nan ya ɗauke, sai ya kai wa ubansa wata.

Da ya bincika kuɗin sabo, sai ya yi dariya shi kaɗai a shago. Ko ya haɗa shagon da janareta da shi kansa, ba za su kai ba. Sai gwanjo. Ya sami Jibo, dillalin shanu a kasuwar Talata, mutumin da in ka ce kana neman jirgin ƙasa zai ce ka dawo da la'asar.

"Bututun kallon taurari?" Jibo ya sosa ƙeya. "Kai da ya kamata ka nemi mata, ka tsaya neman bututu. To, akwai wani a Bakura. Wani malamin makaranta ya bari, Allah shi gafarta mishi. An ce wani Bature ne ya ba shi, tun zamanin aikin Bakalori."

Ranar da suka je, matar marigayin, Inna Ikilima, ta sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da damina da iyali, ko da yake da aka zo kan iyali Jibo ya yi tari. Sannan aka fito da abin. Farin bututu ne da ya koma ruwan ƙasa, tsawonsa ya kai ƙugu, kaurinsa kamar bokiti ƙarami. Ƙafafunsa sun daɗe da ɓata. A cikin akwatin gilasan da ake kafa ido saura guda ɗaya, sauran jikoki sun yi wasa da su.

Habibullahi ya leƙa ciki. Madubin da ke can ƙasan bututun, wanda shi ne ran abin gaba ɗaya, gefe guda ya dushe, duk zane-zane.

"Da Jibo yac ce kuna tahe, sai nic ce ba a sai da ƙwarya da datti," in ji Inna Ikilima, tana murmushin wadda ta yi abin kirki. "Hannuna bai kai ba, sai na ɗaura tsumma ga muciya, na sa toka. Da na ga wani abu kamar azurfa na bin tsumman, sai na bari."

Toka da muciya. Abin da ya tsira daga gara da ɓera da jikoki shekara da shekaru, tsabta ta gama da rabinsa a safiya ɗaya. Ransa ya ɓaci har kunnuwansa suka yi zafi, amma me za ka ce wa dattijuwar da ta wanke maka kaya don girmama ka? Ya haɗiye, ya ce, "Allah shi saka da alheri, Inna."

Jibo kuwa, da ya fahimci akwai aibi, sai ya gyara zama kamar ya ga saniya mai ɗingishi. Ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara kaɗan, ta ce albarka. Can sai ta juya ta dubi Habibullahi.

"Kai ɗan nan, mi za ka yi da shi? Mai shi ma dariya aka yi ta yi mishi har ya koma ga Allah."

Ya gaya mata. Ba wanda ya taɓa gaya wa sai ita, shi ya sa maganar ta fito a karkace, yana yi yana gyara tabarau. Ta dubi bututun tsawon lokaci.

"Na sallama," ta ce. "Ka gaishe shi."

Abin da ya bayar shi ne ɗan abin da yake tarawa da sunan aure. Bai ji zafi ba sosai, don dama ba wadda take jira.

Matsala ta biyu ita ce hanya. A irin wannan zamani, wa zai ɗora abu mai kama da igwa a bayan babur ya bi titi? Sai suka naɗe shi a tabarma suka ɗaure, Habibullahi ya rungume shi a cinya a bayan ɗan acaɓa. Tun kafin su fita Bakura ya lura mutane suna tsayawa. Wani tsoho ya cire hannu daga aljihu ya ce, "Allah shi jiƙan rai." A shingen bincike ma ba a tsayar da su ba, hannu kawai aka ɗaga musu da tausayi. Gawar yaro suka zata. Haka ya iso Mafara yana karɓar ta'aziyya, kuma abin kunya, ya ji daɗin yadda mutane ke dubansa da taushin ido. Ya daɗe bai ga haka ba.

Ƙafafu ya samo a wurin wani tsohon mai hoto da waya ta kashe wa kasuwa, ƙafa ɗaya gajera, sai an tokare ta da dutse. Mai walda ya lanƙwasa masa ƙarfen birkin keke ya zama abin riƙe waya a bakin gilashi. Da aka haɗa komai, abin ya yi kama da akuya mai ƙafa uku.

Koyon kuwa, sai wanda ya gani. In ya samo wata a cikin wayar, kafin ya taɓa ta ya gudu. In ya yi numfashi da ƙarfi, komai ya girgiza. Gefen da toka ta ci yana sa hoto ya yi hazo-hazo, kamar an shafa masa koko. 'Yan tasha suka sa masa sabon suna, Mai Igwa, suna tambayarsa ko ya hango musu farashin masara a sama. Sai ya koma wani fili a bayan gari inda ba kowa sai awaki. A can yakan yi magana shi kaɗai, wani lokaci da madubin, wani lokaci da ubansa.

Ƙarshen wata na farko hadari ya rufe yamma ruf. Ya tsaya har sauro ya kore shi. Washegari Taiba ta kira.

"Jiya na kunna fitila, ya tambaye ni ko na kunna."

"Sam bai gani ba?"

"Da na matso da ita ya ce ya ga alama. Habibu, in za ka zo, ka zo."

Ya so ya tafi hannu rabbana, ya kasa. Ya taɓa zuwa gaban mutumin nan da wani abu a hannu? Ya ce mata ta ba shi wata ɗaya.

Da watan ya ƙare, Allah ya wanke sama. Ya yi sallar magariba a filin, ya tokare gajerar ƙafa, ya ɗaure wayar a bakin gilashi tun da sauran haske don kada ya ɓata lokaci. Ya fara jan bututun a hankali daga inda rana ta faɗi, sama kaɗan, hagu kaɗan, yadda ya ji tsohon yana faɗa tun yana yaro. Ja-ja-ja kawai. Ya koma, ya sake. Can sai wani siririn zare ya shigo fuskar wayar, fari, a lanƙwashe, yana rawa.

Ya shiga ɗaukar hoto. Ya danna, ya danna, ya bi shi, ya sake dannawa, idonsa kafe a kan wayar, har zaren ya nutse a bayan itatuwa. A cikin tarin hotunan guda ya fito sosai. Ya waiga don ya nuna wa wani, ba kowa sai wata akuya tana tuƙa.

Da sassafe ya shiga motar Maradun, don ba a bin hanyar nan in yamma ta yi. Madubin ya bar shi a shago, waya kawai ya sa a aljihun gaba, yana dafe da ita har suka isa.

Ya tarar da Malam Jatau a ɗaki, ya rame, carbi a hannu. Ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya tambayi hanya da kasuwa da mutanen Mafara. Taiba ta sauke labule don ɗakin ya yi duhu. Habibullahi ya ƙure hasken wayar, ya buɗe hoton har watan ya cika ta.

"Baba, watan jiya na kawo maka. Ga shi."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Ya kai ta ga idon dama, ya kai ta ga na hagu, har tana taɓa girarsa. Ya karkata kai. Hasken ya kwanta a kan fuskarsa, shi bai sani ba. Taiba ta tsaya a bayansa tana roƙon Allah a ranta ya ce ya gani, ko sau ɗaya, ko don yaron nan.

"Ban gani ba," in ji Malam Jatau.

Ya miƙo wayar, Habibullahi ya karɓa.

"Amma ba komi," tsohon ya ce, muryarsa ta yi laushi. "Shaidar mutum guda ta ishe ni, in na san shi. Kai ka gan shi, ko? Da idonka?"

Habibullahi ya buɗe baki, sai ya tuna. Wayar tana ɗaure a bakin gilashin tun kafin watan ya fito har ya faɗi. Bai kwance ta ba. Bai kafa idonsa a gilashin ba, ko na ƙiftawa ɗaya. Duk wahalar nan, abin da ya kalla hoto ne, irin wanda ya gani a wayar direba.

Kalma ɗaya ake nema, kuma tsohon zai karɓa, ya san zai karɓa. Tun yana yaro yake jiran wannan tambaya ta same shi da amsa. Taiba ta ɗaga masa gira, tana gyaɗa kai.

"A'a, Baba," ya ce. "Wayar ce ta gani."

Hawaye ya taru a bayan tabaran Habibullahi, bai share ba.

"Ashe wanga wata ba wanda ya gan shi a gidanmu," in ji tsohon.

Sannan ya lalubo, ya sami gwiwar ɗansa, ya bi har ya kama wuyan hannunsa. Ya ɗaga shi sama a hankali, ya saita shi yamma, daidai, ko da yake ba komai a wurin sai bangon ɗaki.

"Mai zuwa nan za shi tsaya, dama kaɗan da na jiya. Ka kwance wayar, ka sa idonka. In ka gani, ka zo ka gaya mini."

Bai saki hannun ba. Taiba ta fita ta bar su, ta je ta hura wuta.