Koren Maɓalli a Kusurwar Hagu

…to ina yake? Littafin koyon kwamfuta ya ce kusurwar hagu, can ƙasa. Kore. Shafi na goma sha huɗu, layi na uku, ko daga barci aka tashi Malam Sama'ila zai kawo shi ba gargada: kai 'yar kibiya kusurwar hagu, danna koren maɓalli, jerin sunaye zai taso. To ga kusurwa, ga hagu, ga ƙasa. Ya kai kibiyar nan ya fi sau ashirin. Babu kore, babu dangin kore. Wasu ƙananan akwatuna ne masu launi-launi birjik a fuskar kwamfutar, kamar an zazzage buhun ƙyallayen tela, wani ma juyawa yake da kansa yana nuna masa zafin ranar wani gari da bai taɓa jin sunansa ba. Wa ya tambaye shi?

Tari daga waje. Inna Kande ce, tana kan benci tun hantsi. Daga Sandamu ta hawo babur, tsohuwa da ciwon ƙugu, don kwafin shari'a kawai. Gonar mijinta marigayi da kotun nan ta yanke wa ƙaninsa, ita kuwa ta ce sai ta ɗaukaka ƙara. Gobe kwana talatin ɗin da doka ta bayar ke cika. In takardar ba ta fita yau alƙali ya sa hannu ba, shi ke nan, ƙofa ta rufe, gona ta tafi. Shafi tara ne na rubutun hannun alƙali. Tara! A tafireta kafin shayi ya huce ya ci shafi uku, har da kabon biyu a baya…

Shekara ashirin da shida yana bugawa a kotun nan. Tun kafin a sauya allon ƙofa a rubuta shari'ar Musulunci yake nan, an sauya alƙalai bakwai yana nan. Yau ga shi zaune kamar baƙo, yatsu goma a kan cinya.

Ba wai bai yi karatu ba. Abin da ke ƙona masa rai ke nan — ya yi! Tun da aka ce za a raba wa kotuna kwamfuta ya hau mota ya tafi Kano da ƙafarsa, ya zaɓo littafin da ya fi kowanne kauri, mai hotuna. Ya tambayi mai kanti ko zai yi da kowace iri. Mutumin ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce ai kwamfuta duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Allah ya isa… a'a, astagfirullah. Amma dai Allah yana gani.

Wata huɗu. Yadda ya ɗauki littattafan fiƙihu a zauren Malam Amadu haka ya ɗauki wannan: layi ɗaya, a maimaita, ba a wucewa sai ya zauna. Bayan asuba tilawa, bayan la'asar ƙari. Gefen kowane shafi ya cika shi da ajami, fassara da sharhi. Ya zana fuskar kwamfuta a bayan kwali, ya shafa wa kusurwar hagu koren alli, yana jan sabulu a kan tabarma a madadin linzamin da ake jan kibiya da shi. Haulatu, matarsa, ta riƙe masa littafi yana kawowa da ka, tana dariya har da hawaye, wai Malam in ka gama danne-dannen ka ba ni sabuluna zan yi wanki. Ranar da ya kai shafin ƙarshe har waina ta soya, wai walimar sauka.

Bari ya sake. Kibiya… hagu… ƙasa… danna.

Komai ya ɓace. Hoton wani dutse da ruwa. Ya sake dannawa, ƙyallayen tela sun dawo. Wannan wane irin wulaƙanci ne? Abu ba ya ce maka ka yi daidai, ba ya ce maka ka yi kuskure. Malam Amadu ko da carbi ne zai ɗan taɓa ka a gwiwa, ka san ka tsallake layi.

Janareta ya yi wata irin shaƙuwa ya ci gaba. An ce mai ba zai wuce la'asar ba. Alƙali ma da la'asar yake tashi, ba ya ƙara minti.

Ran Litinin fa aka kawo kwamfutar. Mai haɗawar yana ta sauri zai wuce Dutsi, yana cewa sabon yayi ce, ko a Katsina ba kowa ke da irinta ba. Muktar rajistara ya ce a tsayar da shi ko awa ɗaya ya nuna wa Malam Sama'ila hannu. Da ladabi ya faɗa, wallahi da ladabi. Shi kuwa me ya ce? A gaban alƙali, a gaban masu ƙara, ya daki bangon littafi ya ce wanda ya riga ka kwanciya ai zai riga ka tashi, shi ya sauke wannan tun ba a ɗauro akwatin a mota ba. Bai tsaya nan ba. Ya nuna tafireta ya ce a kai ta sito, zamaninta ya wuce. Da bakinsa. Ba wanda ya matsa masa. Muktar ya kulle sito ya ajiye makulli a kan teburinsa. Baki dai shi ke yanka wuya.

Jiya da shekaranjiya babu aikin bugu, ya zauna yana goge kwamfutar da tsumma yana gyara zama. Yau asiri…

Ko ya tsallake wani abu ne? Ya koma baya. Goma sha uku, goma, biyar, ɗaya. Kafin ɗaya akwai wasu ganye uku masu ƙananan haruffa, waɗanda bai taɓa karantawa ba, ya ɗauka godiya ce ga iyaye da abokan arziki, me zai haddace a ciki? Ya gyara tabarau. An rubuta wannan littafi ne domin tsarin kwamfuta na… ga lamba. Ba lambar da ke jikin kwalin da aka kawo ba ce. Ga shekarar bugu a ƙasa. Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Goma sha ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya.

Ashe dokar da aka soke ya zauna ya haddace. Shi da ya san in lauya ya kawo irinta a gaban alƙali kunya yake sha. Babu kuskure ko ɗaya a haddarsa, duk tana nan daram a ka, shafi ɗari uku da wani abu, da ajaminta da sharhinta — kuma babu inda za ta yi aiki a duk faɗin ƙasar Daura. Koren maɓallin ma an cire shi tun yana jan sabulun Haulatu, ko tun kafin nan, wa ya sani. Da wa zai yi faɗa? Da mai kanti? Da Turawan da ba sa barin abu inda suka ajiye shi?

Makullin sito na can a kan teburin Muktar, kusa da tambarin kotu. Taku goma sha biyu ne, bai fi ba. Abin da ya rage shi ne ya je ya tsaya, ya ce a buɗe masa sito, a gaban mutanen da suka ji shi ran Litinin. A ɗauko tafiretar da ƙurarta a ratsa tsakar kotu da ita. Kafin magariba labari ya kai majalisar ƙofar gidansu, kafin Juma'a ya kai Mai'adua. Wanda ya sauke… Shafi tara, in ya fara yanzu-yanzu zai gama kafin kiran salla. In ya ƙara rabin awa yana lalube, ba zai gama ba. Ya sani. Girman kai rawanin tsiya, shi ma yana faɗa wa mutane.

Labule ya motsa. Inna Kande ce ta leƙo, ta dafa ƙofa, takalmanta a hannu.

"Malam, sannu da aiki. An kusa kuwa?"

"Saura kaɗan, Inna."

Wa ya faɗi haka? Bakinsa ne. Ta yi masa addu'a, Allah ya ƙara ilimi, ta koma benci.

Ya rufe littafin. Tafin hannunsa biyu a kan tebur, zai miƙe ya nufi makullin sito. Muktar ya ɗago kai yana dubansa. Taku goma sha biyu… kuma har yanzu kibiyar tana can kusurwar hagu inda ya bar ta.