Keken Doki Ya Iso

Tun ƙarfe shida Dulcie Pascoe ta kafa kujerarta a gaban shagon kayan lantarki na titin Smith, inda talabijin ke haskawa ta bayan gilashi. A birnin Melbourne a 1958 ɗaiɗaikun gidaje ne ke da akwatin, don haka kafin bakwai maƙwabta sun cika bakin titi da bargunansu.

Wasan da za a nuna daga wani tsohon littafi aka ciro shi, kuma kai tsaye ne, ba naɗi, ba maimaici. Mijinta Clarrie, wanda ya shekara talatin yana rabon wasiƙu yana mafarkin hawa dandamali, ya samu fitowa a matsayin baran wata attajira. Jimla ɗaya aka ba shi: "Ranki ya daɗe, keken doki ya iso." Mako uku yana bitarta a gaban Dulcie, a kan shayi, a wurin shanya, har ta fara fita daga ranta.

"Wanne ne naki a ciki?" in ji Merv mahauci.

"In ka ga mai manyan kunnuwa, ka gaishe shi."

Murya ba ta ƙetare gilashin, sai dai a ga leɓe na motsi. Can Clarrie ya shigo cikin doguwar kwat, ya rusuna, ya buɗe baki. Ya tsaya haka. Dulcie ta ga yatsunsa na murza maɓallin rigar, ta gane maganar ta gudu. Ba ta san lokacin da ta miƙe ta ɗaga murya ba.

"Ranki ya daɗe, keken doki ya iso!"

Titi ya kwashe da dariya, sannan tafi ya biyo baya.

Bayan an tashi daga wasan, a tashar jirgin ƙasan cikin gari ta tarye shi, da ragowar kwalliya a bayan kunnensa. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Na yi abin kunya, Dulcie. Ko uffan ban ce ba. Wadda ta fito a attajirar ce ta leƙa taga ta faɗi maganar da kanta, ta rufa mini asiri."

Ta ciro hankici ta goge masa kunnen, ta saƙala hannunta a nasa.

"Ban san me aka ji a gidajen masu akwati ba," ta ce. "Mu dai a titinmu mun ji ka sarai."