Ranar da Maigandi Ya Sauka a Kan Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Maigandi ya yi yana tuƙa babbar mota tsakanin Kontagora da Legas, kafin ciwon baya ya zaunar da shi gida. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa shiga jirgin sama ba, bai ma taɓa zuwa kusa da shi ba.

Wata Asabar a damunar 1999, bayan azahar, ya je karɓar rediyonsa a shagon maƙwabcinsa Andarawus mai gyara. Ya tarar da shi zaune gaban kwamfuta, hannunsa na dama naɗe da bandeji, janareta na ƙugi a bayan shago.

"Me ya sami hannun?"

"Ƙarfen liƙa waya ne ya ƙona ni jiya, Baba. Ga shi yau muke da tafiya."

"Tafiya ina, da wannan hannun?"

Andarawus ya yi masa bayani. Akwai wani shiri a cikin kwamfutar da ke kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Shi kuma ya shiga wata ƙungiya ta masu sha'awar abin, waɗanda ke warwatse a ƙasashe daban-daban. Sau ɗaya a wata kowa yakan haɗa kwamfutarsa da layin tarho, su tashi tare a lokaci guda. Yau za su bi gaɓar teku a yammacin Kanada, da irin jirgin nan da ke tashi daga ruwa ya sauka a ruwa.

"Wasan yara ke nan," in ji Maigandi.

"Baba, ku riƙe mini sandar tuƙin kawai. Ni zan kula da totur da rubutu da hagu."

Maigandi ya zauna ne don kada ya ba maƙwabci kunya. Ya kama sandar, ya ji ta ba nauyi kamar ludayi. A gilashin kwamfutar sai ga hancin jirgi, ga ruwa shuɗi shimfiɗe har ƙarshen gani. Gefe da gefe wasu ƙananan jirage biyar suna reto a kan ruwan, kowanne da suna rubuce a samansa.

"Waɗannan kuma fa?"

"Mutane ne, Baba. Wannan ja ɗin Helen ce, ita ke jagorantar mu. Tsohuwar malamar asibiti ce a Kanada. Wancan yana Norway, wancan Brazil."

"Yanzu haka? Suna zaune kamar yadda muke zaune?"

"Yanzu haka."

Maigandi ya gyara zama, ya ture hularsa baya.

Rubutu ya fito a ƙasan gilashin. Andarawus ya karanta, ya ce an ba da izinin tashi. Ya tura totur. Ƙarar injin ta cika shagon, ruwa ya fara gudu a ƙarƙashinsu yana fesa fari. Jirgin ya nemi karkata hagu, hannun Maigandi ya mayar da shi kan hanya tun kafin ya yi tunani.

"Ku jawo sandar a hankali. A hankali, Baba!"

Ya jawo. Ruwan ya sake su. Maigandi ya ji cikinsa ya faɗa, kamar lokacin da mota mai lodi ta gangara tudu, alhali kujerar roba yake kai ba ta motsa ba.

"La'ilaha illallahu," ya ce da ƙaramar murya.

Suka yi sama. Tsibirai suka bayyana, kore shar, sannan duwatsu masu farar ƙanƙara a kawunansu. Hoton ba shi da kyau sosai, wani lokaci ma yakan tsaya cak kafin ya ci gaba, amma Maigandi bai ga wannan ba. Abin da ya gani shi ne babu kwalta, babu kwana, babu gada. Duk inda ya karkata hannu, duniya ce ke karkata masa. Ya daina jin hayaniyar masu babur a waje. Wata mata ta shigo da fanka a hannu, ta yi sallama sau biyu, ta gaji ta tsaya a bayansu tana kallo.

Bayan kusan minti arba'in, jirgin Helen ya kwanta dama ya shiga tsakanin duwatsu biyu. Suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasa wani dogon tafki ya fito.

Andarawus ya karanta sabon rubutu daga Helen, ya ce, "Baba, ta ce tafkin nan da za mu sauka, daga tagar ɗakinta tana hangen sa. Ta ce yanzu gari ya waye musu, akwai hazo a kan ruwan."

"Gari ya waye? Mu da muke jiran la'asar?"

"Haka ta ce."

Maigandi ya ƙura wa tafkin ido. Ya san ƙasar Allah da faɗi, ya auna ta da taya shekara da shekaru, amma bai taɓa jin faɗinta a ƙirjinsa irin na yau ba.

Saukar ce ta fi wuya. Ya zo da gudu da yawa, jirgin ya daki ruwa ya yi tsalle sama. Andarawus ya yi ƙara. Maigandi bai firgita ba. Ya riƙe hancin jirgin daidai, ya bar shi ya rage gudu da kansa, yadda ake lallaɓa mota a kan laka. A karo na biyu suka zauna lafiya, ruwa ya tsage gida biyu, jirgin ya tsaya yana reto.

Matar nan mai fanka ta ce, "Sannunku da hanya!" Ita kanta sai da ta yi dariya.

Andarawus ya rubuta wa ƙungiyar cewa ba shi ya tuƙa ba, maƙwabcinsa ne, tsohon direba, kuma yau ya fara. Amsoshi suka yi ta fitowa. Helen ta nemi sunansa don a sa shi cikin jerin matuƙa. Andarawus ya rubuta shi harafi-harafi da yatsa ɗaya, ya kai hannu zai kashe kwamfutar.

"Dakata," in ji Maigandi. "Kashe injin jirgin kawai. Bar ni in ɗan zauna a nan."

Ƙarar ta ɗauke. Ya zauna yana kallon tafkin da inuwar duwatsu a cikinsa, har ladan ya kira salla. Sannan ya miƙe.

A watan da ya biyo baya, ranar da ƙungiyar za ta sake tashi, Andarawus ya zo buɗe shago ya tarar da shi zaune a kan benci, sanye da fararen kaya, yana jira tun kafin lokaci.