Keken Baba Ba Ya Naɗewa

...kuma ba wai ta gaji da shi ba ne. A'a. Bayanta ne ya gaji. Bayan da ke ɗaga Baba daga katifa zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Shi ya sa da Yaya ya ce a waya, "Haɗa masa kaya, zan zo in tafi da shi, na samu mai jinya," sai kawai ta ce to. To ɗin nan... har yanzu yana mata ɗaci a harshe.

Ga Baba a kujerar baya, ita ta cicciɓe shi ta sa. Ga Yaya da farar rigarsa, yana kokawa da keken guragu a bayan mota. Ba ya naɗewa. Ina zai naɗe? Mai waldan layinsu ne ya liƙe mahaɗar da wuta, ranar da keken ya rufe da Baba a ciki. Ta zazzaga masa masifa, wai ya ɓata musu kaya — wannan baki nata, Allah dai ya shirya — shi kuwa ya tura tabarau goshi ya ce, "Sarkin faɗa, in ya sake matse shi ki zo ki ƙona shagona." Tayar hagu, ta mai faci ce. Matashin zama, tela ta cusa shi da ƙyallaye. Birkin ma igiyar babur ɗin wani ce, wa ma?

"Bar shi," in ji Yaya. "Na sayi sabo, yana can sama."

Sama. Can ƙololuwar benen Yaya, taga tana kallon bango. Wa zai bi ta can ya ce Baba ina kwana? Nan kuwa turo shi take bakin ƙofa da safe, ta wuce wurin aikinta na gugar kaya. Mai aski ya gyara masa hula. Mai shago ya ƙure rediyo saboda Baba, alhali shi kansa ba ya ƙaunar labarai. Ta dawo ta tarar an janye shi daga rana zuwa inuwa, an share masa yawu, an ba shi ruwa... Wa? Ba ta roƙi kowa ba. Ba ta tambaya ba. Ta taɓa cewa an gode kuwa?

Kina da lada, kina da lada. Kullum haka mutane ke ce mata. Ladan ne zai wanke zanin gado? Ladan ne zai ba ta barcin da babu tari a cikinsa? Ita ma mutum ce, ƙashi da tsoka. Amma jiya da ta sunkuya tana sa masa takalmi, hannun nan nasa mai rai ya lalubo ƙugunta, daidai inda ke ciwo, ya dafa. Bai kuskure ko kaɗan ba. Ashe ya sani. Tun yaushe?

Injin walda ya yi shiru. Tela ta fito, zare a baki. Sauran ma suka fito, sun dai tsaya.

Baba ba ya kallonta. Keken yake kallo, a yashe gefen kwata, taya ɗaya tana juyawa.

"Rufe ƙofar mana, rana na yi," in ji Yaya.

Hannunta na kan murfin motar. Turawa kawai za ta yi. Bayanta na zogi, zogi... kuma hannun ya ƙi motsi.