Gishirin da Ba Ya Son Ruwa

Har yau in na tuna abin da yayana Badaru ya yi wa Inna, raina ɓaci yake. Lokacin kuɗin mai ne, jami'ar da yake aiki ta haɗa kai da wasu Turawa za su ɗaura wata na'ura a jikin ƙaton balan-balan, ta hau can ƙololuwar sama ta kamo wani hasken taurari da ido ba ya gani, wai shi gamma. Aka damƙa wa Badaru gwajinta. In ta yi kyau, da shi za a tafi wajen harbawa.

Ya kawo ta gidanmu a Kiyako, wai duwatsun Birnin Kudu ma suna fitar da irin hasken kaɗan-kaɗan, zai gwada ta a gindinsu. Idon na'urar wani dunƙule ne garai-garai kamar ƙanƙara, dangin gishiri, ko laima ba ya so. Gargadar hanya ta tsaga murfinsa, Badaru ya ajiye shi a ɗaki kafin ya liƙe. Duk wannan daga baya muka ji. A lokacin, in Inna ta tambaya, sai ya ɗaga mata hannu wai ba za ta gane ba. Abu ɗaya ya faɗa mata: na'urar doguwar tafiya za ta yi.

To, a gidanmu ko ɗan maraƙi za a kora kasuwar Gwaram sai Inna ta shafe shi da addu'a. Ta karɓo rubutu wajen Malam Sada, ta shiga ɗakin ta yayyafa wa na'urar, ta fi ba da ƙarfi wajen tsagar.

Kafin Badaru ya dawo daga duba duwatsu, idon ya dishe ya fara komawa rawaya. Ya kunna, allurar awon na'urar ko motsi. Ya fito tsakar gida yana ta faɗa, a gaban maƙwabta ya kira uwar da ta haife shi jahila. Shi mai ilmin, kalma biyu ta gargaɗi ta gagare shi.

Inna ta ce, "Da ka ce min ba ta son ruwa, Badaru, ai da tofi kawai zan yi mata."

Ya kwashe kayansa ya zuba a mota. Inna ta bi shi har ƙofar gida da sauran rubutun a ƙoƙo, nasa kason da ta rage masa. Ya ɗaga gilashi ya ja motarsa.