Shirun Da Desmond Ya Bari A Faifai

Gajiya da tsayuwa ce ta fitar da Desmond Pyle daga ƙungiyarsu. Shi ne mawaƙin, amma a waƙoƙin nan nasu masu tsawon tsiya, baiti biyu yake rerawa, sai Clive mai ganga da Alun mai jita su ɗauke waƙar su tafi yawo da ita, shi kuwa ya koma gefe yana kaɗa kai kamar ɗan rakiya. Ya rantse sai ya fitar da faifai nasa shi kaɗai, duniya ta san yana da abin kansa.

Ya kama ɗakin ɗaukar sauti a bayan garin Bristol, ya rera waƙoƙinsa da muryarsa zalla da ɗan piyano. Da aka gama, Moira mai haɗa sauti, wadda ta san shi tun yana yawo da aron riga, ta kunna musu zaren kaset ɗin da aka naɗi waƙoƙin a kai.

Baitin farko ya fito tas. Daga nan sai shiru. Shayin Moira har ya huce.

"Des, na'urar ce ta lalace ko suma ka yi?" in ji ta.

"Haka waƙar take."

"Wace waƙar? Ni dai numfashinka nake ji."

Desmond ya kasa kunne. Shi fa a kunnensa wurin cike yake. Ga gangar Clive tana tuntuɓe da gangan, ga Alun yana hawa yana sauka da jitarsa. Sai yanzu ya lura ko ɗayansu babu a ɗakin. Kunya ta kama shi, ga haushi, bai ma san da wa yake fushi ba.

"Yanke," ya ce. "Duk inda ba muryata, ki yanke."

Moira ta ɗauki reza ta bi zaren, tana yanka tana liƙawa, guntaye na zuba a ƙasa. Ta sake kunnawa.

Murya ce mai daɗi, ba ƙarya. Sai dai baiti na bin baiti a guje, kamar mai ba da labari yana tsoron a katse shi. Kafin Desmond ya gyara zama faifan ya ƙare.

"To, ga naka nan, kai kaɗai," in ji Moira. "A kai wa kamfanin faifai?"

Desmond ya girgiza kai. Wannan mawaƙin mai gaggawa da ya ji a faifan bai san shi ba, kuma bai so shi ba. Ya durƙusa yana tsintar guntayen zaren, yana ɗaga su sama yana dubawa, duk kamarsu ɗaya.

"Moira, mayar da su."

"Ba komai a kansu fa, mutumina."

"Na sani," ya ce. "Amma wanne ne na Clive?"