Ranar Da Piak Ya Fito Daga Ruwa

Idan aka ɗauki ranar da ta lalata rayuwar mutum aka mayar da ita abin dariya, kuma shi mutumin ya ce yana so ya je ya kalla, to wa aka zalunta? Sanan ya daɗe yana juya tambayar nan a ransa bai sami amsa ba. Ni ma ban samu ba.

Sanan yana saman tsani a bayan wani shagon taliya a garin Udon Thani, hannunsa cikin na'urar sanyaya ɗaki da ta daina aiki, wayarsa ta yi ƙara. Thawat ne, abokinsa na jami'a, wanda ya watsar da aikin injiniya ya koma Bangkok yana shirya finafinai.

"Dogo, ka ga tikitin da na turo? Yau ake fara nunawa a garinku. Kai, da Piak, da Mama."

"Na gani. Ba zan kai shi ba."

"Har yanzu taurin kan nan naka bai bar ka ba. Ka ma kalli fim ɗin?"

"Na kalli tallarsa, ta ishe ni. Kifi a wando, Thawat? Kifi?"

Su uku ne a ɗaki ɗaya a shekararsu ta farko, a wata jami'a can kudu. Sanan mai ɗaure fuska, Thawat mai mafarki, sai Piak, wanda ba ya iya wuce mutum bai ba shi dariya ba. Shi ne ya taɓa sanya wa wani karen makaranta farar riga ya zaunar da shi a bencin baya, da malami ya kira sunan wani da bai zo ba ya ɗaga ƙafar karen.

Al'adar sashensu ce, a ƙarshen shekarar farko manyan ɗalibai su watsa ƙananan lambobin tagulla cikin tafkin da ke bayan ɗakin injuna. Kowane sabon ɗalibi sai ya yi nutso ya lalubo ɗaya a cikin laka. Wanda ya fito da ita ya zama ɗan gida, a rataya masa a wuya. Piak ya shiga bai fito ba. Kowa ya san halinsa, saboda haka kowa ya tabbata wasa yake yi. Suka jeru a bakin ruwa suna tafi, suna kiran sunansa, suna jiran ya ɓullo ta wani gefen da wata sabuwar shegantaka. Ashe ƙafarsa ce ta sarƙe a wata tsohuwar ragar kamun kifi. Sanan da Thawat ne suka ciro shi. Ya rayu, amma ƙwaƙwalwarsa ta jima ba iska. Tun daga ranar maganarsa a hankali take fita, hannunsa na dama yana rawa, abin da aka gaya masa da safe ba kullum yake kaiwa yamma ba.

Yanzu, bayan shekara ashirin da wani abu, Thawat ya yi fim na ban dariya a kan abokai uku 'yan jami'a. A cikinsa yaron yana ɓullowa daga tafkin da lamba a baki da kifi a wando, ya ci gaba da karatunsa har ya gama.

"Ba abin da kake zato ba ne," in ji Thawat. "Ni so nake in fito da shi da wuri. Tun ranar nake so. A fim kaɗai zan iya."

"Ka fito da kanka dai. Yaushe rabonka da gidansu? Ka taɓa goge masa baki in yana cin abinci?"

 Daga cikin shagon ana jin mai taliya tana yi wa wani faɗa.

"Ba na iya kallonsa, Dogo. Ka sani. Kai ne mai iyawa."

"To ka riƙe ƙaryarka. Ni ba zan zauna kusa da shi in ce masa ya fito ba." Ya kashe wayar.

Ranar Asabar ce, ranar da yakan je ya yi wa Piak aski. Ya ɗaure tsanin a bayan a-kori-kurarsa ya nufi unguwarsu. Mama Bunma, mahaifiyar Piak, tana ƙarƙashin rumfar ƙofar gida tana daka ɗanyen gwanda da barkono a turmi, wasu mata biyu suna jiran a zuba musu. Ya haɗa tafin hannunsa ya gaishe ta. Ba ta daina daka ba, da haɓa ta nuna masa cikin gida.

Piak yana zaune a kan benci, sanye da tsohuwar rigar aikinsu ta jami'a, mai ruwan goro. Maɓallan tsakiya sun ƙi haɗuwa a kan tumbinsa.

"Tun da sassafe ya sa ta," in ji Mama bayan matan sun tafi. "Ya ƙi cin shinkafa wai kada miya ta ɓata ta."

"Wa ya gaya masa?"

"Thawat ya kira. Kuma duk wanda ya zo sayen abinci sai ya nuna masa tallar a waya."

"Mama, bai kamata ya gani ba. Zai rikice. Zai ɗauka haka abin ya faru."

"To in ya ɗauka fa?" Ta goge hannu a zaninta. "Ni dai ba zan je ba. Ba zan iya zama cikin mutane suna yi wa ruwan nan dariya ba. Sau ɗaya aka yi, ya ishe ni. Amma ni ba shi ba ce, ɗana. Ka tambaye shi."

Sanan ya cire takalmi ya shiga. Ya yafa wa Piak tawul, ya shafa masa kumfa.

"Dogo," in ji Piak, yana jan kowace kalma, "ka yi sanƙo."

"Kullum sai ka gaya mini. Ɗaga haɓa."

"Kullum... yana ƙaruwa ne."

"Kai kuma kullum tumbi. Dubi rigar nan, tana neman agaji."

Piak ya yi dariyarsa mai zuwa a makare. Sai ya ce, "Yaushe za mu tafi?"

"Ba inda za mu. Fim ɗin ba shi da kyau. Ka san Thawat bai iya komai ba, ko lissafi kai kake yi masa."

Rezar tana tafiya a kan kumatunsa. Can sai Piak ya ce, "Na san babu kifi."

Sanan ya tsaya.

"Ka ɗauka... ban sani ba. Raga ce. Da duhu. Ina jin hayaniyarku daga sama." Ya haɗiyi yawu, ya huta. "Abin da na ci jiya na manta. Wannan ba ya tafiya."

Ba su taɓa yin maganar ba. Sanan ya sha gaya wa kansa cewa ko ba komai ruwan ya tafi da wannan ranar daga kan abokinsa, kuma da wannan tunanin yake samun barci.

"To me za ka je ka kalla?"

"An ce na gama. An ce na sa doguwar rigar kammala karatu. Mama ta zo da furanni." Hannunsa na dama ya ɗago ya taɓa ƙirjin Sanan. "Kai ka ga naka. Ni ban ga nawa ba."

Sanan ya ci gaba da askin.

"An ce har budurwa gare ni. In mummuna ya ba ni... Thawat zai gamu da ni."

Sanan ya gama askin, ya wanke rezar a famfo, ya daɗe yana wanke ta bayan ta fita. Yana ganin abin da Thawat ya yi sata ne, kuma bai canza ra'ayi ba. Amma kayan da aka sata ɗin, ga mai su nan zaune a benci yana so a kai shi ya ga yadda aka gyara su. Ya fita wajen mota ya tsaya. Daga nan ya buɗe ƙofar gaba, ya kwashe sifanu da wayoyin wuta daga kan kujera, ya kaɗe ta da hula.

Gidan sinimar yana hawa na sama a babban kantin tsakiyar gari. 'Yan makaranta ne suka cika shi, da wasu masu furfura irinsu da suka zo rukuni-rukuni suna dukan kafaɗar juna. Aka tashi tsaye don taken sarkin ƙasar da ake sawa kafin fim, Sanan ya tallafi Piak ta gwiwar hannu, aka zauna.

A allon, ga ɗakin nan nasu na jami'a, har da fankar da ake ɗaurewa da igiya. Ga wani dogon yaro mai ɗaure fuska yana ƙorafin an cinye masa taliya. Piak ya zungure shi.

"Kai ne. Amma shi yana da gashi."

Da aka zo wajen karen mai farar riga, ɗakin ya ɗauki dariya. Ta Piak ta zo bayan ta kowa, ita kaɗai, har wata yarinya ta waiwayo. Sanan ya ji bakinsa ya motsa, ya hana shi.

Sai ga tafkin. Kore, kwance, da ɗakin injuna a bayansa. Yatsun Piak suka kama wuyan hannun Sanan, rawarsu tana shiga har ƙashinsa.

"Zan rufe ido," ya raɗa masa. "In na fito... ka gaya mini."

Yaron ya yi tsalle ya shige ruwa. Ɗaliban cikin fim suka jeru suna tafi, suna kiran sunansa. Masu kallo ma suka fara dariya tun kafin a ba su dalili, irin dariyar wanda ya san abin daɗi na zuwa. Sanan ya san wannan dariyar. Ya taɓa tsayawa a cikinta.

Ruwan bai motsa ba. Thawat ya bar shi haka fiye da yadda fim ɗin ban dariya yake bukata, har dariyar ta fara raguwa, har wani a baya ya yi tari. Riƙon da ke hannun Sanan ya ƙara ƙarfi.

Sai kai ya ɓullo, laka har gira, lamba a baki. Yaron ya rarrafo gaɓa yana tsalle yana dukan wandonsa. Ɗakin ya kece da dariya, wasu har da buga ƙafa.

Piak yana nan ido a rufe, fuskarsa a murtuke, yana jira. Sanan ya dube shi a cikin hasken da ke zubowa daga allon. Ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Buɗe idonka. Ka fito."

"Da lambar?"

"Da lambar," in ji Sanan. "Har da kifi."

Piak ya buɗe ido. Bai saki hannun ba.